Tambayi Duba-Gari: Mun Dasa Sun Mutu, Mun Yashe Ta Cike

Wasiƙun wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: zafi, ruwa, shara, da abin da mutanen unguwa za su iya yi da hannunsu. Na zaɓi biyar. Na rage tsawon gaishe-gaishe, sunaye kuma na sakaya su kamar yadda muka saba a wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mu matasa ne a wata unguwa da ke bayan Kurna. Bara muka kafa ƙungiyar yaƙi da sauyin yanayi. Muka yi karo-karo, muka buga riguna, muka samo dashe fiye da ɗari muka jera a bakin layuka, har kansila ya zo ya dasa na farko. Muka kuma yi gayya muka yashe babbar kwatar unguwa. Baba, kafin bazara ta ƙare dashen da ya rage bai kai goma ba, kwatar kuma ruwan farko na bana ya mayar da ita yadda take. Yanzu mun zama abin dariya, ana ce mana 'yan neman kuɗin Turawa. Mu haƙura ne, ko akwai inda muka kuskure?
Daga sakataren ƙungiya, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Haƙura kuma? A'a. Masu dariyar nan su za su fara shimfiɗa tabarma in inuwa ta samu, ƙyale su su dara. Amma kuskure kam akwai, kuma ba ɗaya ba.

Ba ka faɗa mini watan da kuka yi dashen ba. Ina kyautata zaton ƙarshen Agusta ne ko Satumba, don a lokacin aka fi rabon dashe kyauta, a lokacin ne kuma manya suka fi samun sukunin zuwa a ɗauki hoto. Dashen da ya shiga ƙasa a Satumba ruwan mako biyu ko uku zai sha, daga nan sai kaka, sai hunturu, sai bazara, wajen wata bakwai ba ɗigo ɗaya daga sama. A ƙasar Kano ana dashe ne da zarar damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, yadda saiwa za ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke.

To amma ko a kan kari kuka dasa, da wuya su kai labari, saboda akwai tambayar da ba ku yi wa kanku ba: kowace bishiya ta wane ne? Za ka ce ta ƙungiya ce. Akuya ba ta san ƙungiya ba. Yaron da ya karya reshe ya yi tsumagiya bai san ta ba. Ranar da ɗan garuwa ya ƙara kuɗin jarka a watan Maris, ba wanda zai sayi jarka guda ya juye wa bishiyar ƙungiya. Ka saurari sunayen unguwannin garin nan ma: Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Rimin Auzinawa. Kowace da wanda aka jingina ta gare shi.

Bari in kai ka Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani Bature ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a can. A reni dashe, a loda a mota, a kai ƙauyuka a dasa, akasarinsu su mutu, irin naku sak. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa a gonaki kowace bazara ba ciyawa ba ce, tofon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da ranta a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai manomi ya zaɓi tofo mai ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, ya rage sauran, ya kare waɗanda ya bari. Mutanen can suna ce masa sassaben zamani. Bayan farin 1984 abin ya bazu gona zuwa gona, yau ana ƙiyasta ya rufe kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, musamman a ƙasashen Maraɗi da Damagaram: gawo, kalgo, sabara, aduwa.

Ba dabarar sassaben nake so ka riƙe ba, kai da kake cikin birni, maganar wa ke da bishiyar ce. Kafin lokacin, bisa dokar daji da aka gada daga Faransawa, bishiya ta hukuma ce ko da a tsakiyar gonarka ta tsiro. Ka taɓa ta malamin daji ya ci ka tara. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai da manomi ya sakankance cewa itacen da ya rena nasa ne, shi zai sassare rassansa matarsa ta yi girki ko ya kai kasuwa, sannan ƙasar ta fara yin kore. A ƙauyen Ɗan Saga na jihar Maraɗi har kwamiti mutanen gari suka kafa, da mata a cikinsa, don sa ido kan masu satar sara.

Saboda haka bana kada ku dasa ɗari. Ku dasa ashirin ko talatin, kuma kada ku dasa ko ɗaya inda ba wanda ya nema. Ku zagaya wurin mai shayi, mai faci, mai wankin hula, ladan, dattawan majalisa, mai kantin da rana ke dukan firjinsa. Su suka san zafin rana. Duk wanda ya ce yana so a rubuta sunansa a littafi, a ce ya haƙa raminsa da kansa, faɗi ƙafa biyu, zurfi ƙafa biyu. Wanda ya kasa haƙa rami a Yuni ba zai yi ban ruwa a Afrilu ba. A tsallake shi, ba sai an yi cacar baki ba. A gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a yage ledar da dashen ya zo a ciki (na sha tono mataccen dashe in tarar da saiwarsa a nannaɗe cikin leda), a bar ɗan kwari a gindinsa ya riƙa tare ruwa, a barbaɗa toka saboda gara. Kuɗin da kuka zuba a riguna bara, bana ku zuba shi a keji: tsofaffin bulo, ko durom da aka fasa gindinsa, ko ƙaya. Tsayinsa ya wuce inda akuya za ta kai in ta miƙe a kan ƙafa biyu.

Ruwa kuwa yana nan kuna zubar da shi. Masallacin layinku sau biyar a rana ake alwala, ruwan ya gangara ya zama caɓi a bakin hanya. Ku ja ɗan lambatu ko bututu zuwa gindin bishiya biyu ko uku. Haka ruwan wankin shinkafa da na ɗauraya a gidaje, in dai ba mai bilic ba ne. A bakin layi darbejiya ce mai jure wahala, da ita za ku fara. Mangwaro da goba na mai katanga ne. Zogale kuwa ku ba mata a tsakar gida, ba sai an roƙi mace ta shayar da abin da za ta yi kwaɗo da shi ba. Kada ku dasa a ƙarƙashin wayar wuta, ko jikin katanga, ko kusa da shadda. Ku ba da tazarar taku huɗu ko biyar, in ba haka ba nan da 'yan shekaru mai gidan da kansa zai kirawo mai gatari. Rani biyu ake wahala da dashe, bayan nan darbejiya ta tsaya da ƙafarta.

Sai batun kwata. Tun 1985, da gwamnatin soja ta ƙaddamar da yaƙin tsaftar muhalli a nan Kano, abu ɗaya nake gani: a yashe kwata, a tara baƙin taɓon a gefen titi, a watse. Ya bushe, awaki da yara da 'yan adaidaita su baje shi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Ba a sa ranar gayya sai an san motar da za ta kwashe. Ku je REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarku da takarda mai hatimin mai unguwa, a tsayar muku da rana. In ba a dace ba ku yi karo-karo ku ɗauko tifa. Ku ɗora gayyar a kan Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga da safe, ta Afrilu ko ta Mayu, kafin ruwa ya sauka. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, ana faɗa a rediyo, ku riƙa saurare.

Sannan yasar kwata daga ƙasa ake fara ta, inda ruwan ke faɗawa babban kwalbati, a yo sama. Wanda ya fara daga sama ya buɗe wa ruwa hanya ne zuwa ɗakunan mutanen gangare. Ka ga ke nan dole ku zauna da matasan unguwar da ke ƙasa da ku, ko da ba kwa ga-maciji a filin ƙwallo.

In an gama, a raba ta. Kowane gida da nasa tsawon, daga wannan kusurwar katangarsa zuwa waccan. Mai unguwa ya faɗa, liman ya maimaita bayan magariba. Mai ginin da ya sauke yashi a bakin kwata a ba shi kwana biyu ya kwashe. Sai ku bi sawun sharar ku ga daga ina take zuwa. Yawancinta ba masu gida ke zubawa da hannunsu ba. Almajiri ko ɗan baro ake ba 'yan canji a ce ya kai bola, bolar da nisa, sai ya juye a kwanar farko da ba idon kowa. Ku ɗauki masu baro biyu na unguwa, a san su, a san inda suke kaiwa, kowane gida ya biya a mako. Ranar gayya a sa safar hannu da takalmin roba, yara su tsaya a waje, kuma kada kowa ya kutsa cikin rufaffen kwalbati. Iskar da ke taruwa a ciki tana kayar da ƙato kafin ya yi ihu.

Maganar kuɗin Turawa kuwa, takarda ɗaya ce maganinta: abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa a bangon masallaci duk wata. In kun tsaya gaban dattawa kuma ku bar dogon Turanci. Ku ce kuna so ruwa ya daina shiga ɗakin tsohuwar da ke ƙarshen layi.

Tambaya: Malam, ni fa ban gane wannan surutu na sauyin yanayi ba. Zafi da ruwa da fari duk na Allah ne, tun kakanni ana yi. Turawa sun ƙona duniya da masana'antunsu, yanzu sun dawo suna ce mana mu dasa bishiya. Me darbejiyata guda za ta canja?
Daga wani direban tirela, Funtuwa

Amsa: Malam direba, rabin maganarka gaskiya ce tsagwaronta. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta abin da take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba, darbejiyarka kuma ba za ta sauke zafin duniya ba. Duk wanda ya ce maka za ta sauke, rahoto yake neman cikawa. Fari ma ba yau aka fara ba, na ga na 1973 ina yaro, na ga na 1984 ina bakin aiki.

Amma abin da ke faruwa yanzu an auna shi. Iska in ta ƙara ɗumi da digiri ɗaya, tururin ruwan da take iya ɗauka yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari, in ta tashi saukewa kuma a lokaci guda take juyewa. Masu bincike da suka bi hotunan tauraron ɗan'adam sun tarar irin hadarin nan mai zubo ruwa kamar da bakin ƙwarya ya ninka zuwansa sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Kai da kake kan hanya ka fi ni gani: 2022, da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, ambaliyar Mokwa a Mayun 2025, garin da na tabbata ka sha kwana a cikinsa. A Afrilun 2024 kuma, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Duk na Allah ne, babu ja. Haɗarin mota ma nasa ne, amma na san ba ka barin Funtuwa da kaya ba ka duba birki ba. Bishiyar ba don Turawa za ka dasa ba, don ƙofar gidanka ce, inda iyalinka ke fakewa da rana in an ɗauke wuta, da kwanon rufin da ke gasa yaranka har tsakar dare. Manzon Allah (SAW) ya gaya mana Musulmin da ya yi dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga ciki, sadaka ce gare shi. Tun kafin a ƙera injin farko wannan magana take.

Tambaya: Malam Duba-gari, ina gaisuwa. Ni mai unguwa ne a cikin birni. Muna da tsohon kududdufi, tun tasowarmu yake nan. Yanzu ya zama juji, ga sauro, ga wari, shekarun baya ma yaro ya faɗa ciki bai fito da rai ba. Wani attajiri ya zo da takardu yana so ya cike shi ya gina shaguna, ya kuma yi alkawarin gyara mana masallaci. Jama'ata sun rabu biyu, kowa bakina yake jira. Me ka gani?
Daga wani mai unguwa, birnin Kano

Amsa: Allah ya taimaki mai unguwa, ya ƙara lafiya. Tunda ka nemi abin da na gani, zan faɗa ba kwana-kwana: kada a cike shi, sai in an nuna maka, a ƙasa ba a takarda ba, inda ruwan da yake sha zai koma.

Ka fi ni sanin asalin kududdufan birni. Nan kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina gidaje da ganuwa, ramin da ya rage ya zama matattarar ruwan damina. Ruwan unguwa ya gangara can ya kwanta, ƙasa ta shanye shi a hankali, rijiyoyin maƙwabta su samu. An cike da yawa a shekarun nan an yi gini a kai, ruwan kuwa bai ragu ba. Ƙaruwa ma ya yi, don a da tsakar gida ƙasa ce tana sha, yanzu kowa ya malale tasa da siminti ko intalok, duk abin da ya zubo daga indararo titi yake nufa.

Ga lissafin da za ka iya yi wa jama'a a zaure. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Gida mai rufin kwano na murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba abin mamaki ba ne a daren Agusta, zai zubo da lita 5,000. Jarka 200 ke nan irin ta 'yan garuwa. Gida ɗaya fa. In gida 300 ke gangarowa kududdufinku, lita miliyan ɗaya da rabi ke nan a dare guda, ban da na titi. Ranar da aka cike shi ruwan nan zai nemi wuri mafi gangare, ka kuma san gidajen su wa ke can: gidajen ƙasa ne, na marasa ƙarfi, waɗanda in gindin katanga ya kwana biyu a jiƙe sai ta zauna. Shagunan attajiri za a ɗaga musu dakali, ba abin da zai same su.

Masu cewa a cike ba su yi ƙarya ba a kan sauro da hatsari, iyayen yaron nan kuma ba mai bakin ce musu komai. Sai dai a duba da kyau. Abin da ke wari juji ne, ba ruwa ba. Sauron da ke son ƙazamin ruwa irin na kwata da kududdufin da ya zama bola shi ne mai hana barci da kuka a kunne. Mai kawo zazzaɓi kuwa ya fi son ɗan ruwa mai dama-dama, mara zurfi, wanda rana ke duka: sawun tayar mota, ramin masu buga bulo, bakin kududdufi inda ruwa ya shimfiɗu cikin ciyawa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin ɗumi. In aka cike kududdufi ba a yi wa ruwa hanya ba, sai ya watsu ya kwanta a lunguna, a samar wa mai zazzaɓin gidaje hamsin a maimakon ɗaya. Abin da ya dace shi ne a hana zuba shara, a yashe shi ya yi zurfi, a nome bakinsa, a zuba kifi don yana cin 'ya'yan sauro, a kewaye shi da katanga ko waya mai ƙofa ɗaya da kwaɗo. Katangar nan ita ce amsar maganar yaron, ita ya kamata a fara yi tun kafin komai.

Game da takardu, ranka ya daɗe, kada ka sa hannu a kan komai kai kaɗai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka a tambayi mutumin shaidar da ta fito daga ma'aikatar ƙasa, da izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Ko yana da su, jama'a na da damar ƙorafi. Ka kai maganar gaban hakimi a rubuce, da sa hannun masu gidajen gangare, a aika kwafi ma'aikatar muhalli, a nemi injiniya ya zo ya ga wurin, in so samu ne da safiyar da aka kwana ana ruwa. Gyaran masallaci kuwa, in don Allah ne, bai kamata a rataya shi a wuyan kududdufi ba. Ka faɗa masa haka cikin raha, ka ji abin da zai ce.

Tambaya: Baba, ina wuni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfinmu, na koma gawayi. 'Yata da ke sakandare ta dawo tana ce mini malaminsu ya ce masu girki da gawayi ne ke jawo hamada. Abin ya tsaya mini a rai. Mu tara ne a gidan. Ya zan yi?
Daga wata uwar gida, Zariya

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Ki ci gaba da ciyar da iyalinki, kada ki ɗora wa kanki hamada. Malamin bai yi ƙarya ba. A irin ƙonin da ake yi a daji, inda ake tara itace a binne da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi, kuma itatuwa masu tauri ake bi, irin su ƙirya da marke da kaɗanya, waɗanda ke daɗewa kafin su girma. Amma mai ba da izinin sara da mai loda tirela su ya kamata a fara tambaya, ba macen da ke sayen ƙullin gawayi a leda ba.

Abin da ke hannunki shi ne rage wanda kike ƙonawa, ke za ki fara ganin amfanin haka a kuɗin cefane. Kurfotin ƙarfe zalla, zafinsa da yawa iska ke kwashewa. Akwai mai yumɓu a ciki da 'yar ƙofar rage iska, yana iya rage miki gawayi da wajen kashi ɗaya bisa uku. Ki jiƙa wake tun dare. Ki rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai, ki kare murhu daga iska. In kin sauke, ki kife wa ragowar garwashin tsohuwar tukunya ya mutu, gobe ki ƙara da shi. Sai dabarar kwando: in abinci ya tafasa ki sauke tukunyar da murfinta, ki naɗe da tsohon bargo, ki cusa cikin kwando ko kwalin da aka cika da tsumma, ki rufe. Zai ƙarasa nuna da zafin kansa. Shinkafa tafasar minti 5 ta ishe ta, ki ba ta kamar minti 40 a ciki. Wake sai ya tafasa sosai tukuna, sannan ya yi awa 2 zuwa 3.

Ku matan layi kuna adashin biki da na kayan ɗaki. Ku yi zubi guda na murhu, duk wadda ta kwasa murhu mai tsimi za ta saya ko ƙaramar tukunyar gas, ba atamfa ba. Mata goma in suka je wurin maƙeri ɗaya tare, kuɗin da zai yanka musu ba irin na mutum ɗaya ba ne. Wadda ta samu gas ta bar shi na shayi da ɗumamen safe, dogon girki ya tafi kan gawayi. Ana kuma cura gawayi da buntun shinkafa ko garin katako, in akwai mai yi kusa da ku ki gwada.

Abin da ya fi hamada kusa da ke shi ne abin da kike shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki da na jin ɗumi a cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara suka fi shaƙarsa. Gawayi ya fi yaudara, don iskar da yake fitarwa ba launi ba wari. Kada ki taɓa shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da hunturu, ko don mai jego ne. A bakin aiki na shiga ɗakin da aka yi haka, ba labarin da nake son maimaitawa ba ne. Ki gaida mini jikanyar tawa, ki ce naɗe tukunya aikinta ne daga yau.

Tambaya: Baba, a layinmu ba a zuwa kwashe shara, duk yamma sai mu tara mu cinna mata wuta. Maƙwabcina mai ciwon asma sai ƙorafi yake. Ai ƙonawar ta fi a bar ta ta toshe kwata, ko?
Daga wani tela, Katsina

Amsa: Maƙwabcinka ya fi ka gaskiya, ɗana. Ganye da kara in sun ƙone toka ce. Leda da roba da tsohon batir da soson katifa in sun ƙone guba ce, da yamma kuma iska kan kwanta, hayaƙin ba ya tashi sama, ɗakuna yake shiga.

Ka zazzage kwandon sharar gidanka ka duba. Mafi yawanta ƙasa ce da toka da ɓawon kayan miya da kashin awaki, taki ke nan. A da manoman kewayen birni da jakuna suke shigowa da itace, su fita da wannan sharar a mangala. Har yau suna so, leda da fasasshiyar kwalba ne suka ɓata cinikin. Gwangwani, ƙarfe, robar ruwa da ta lemo, tsofaffin silifa kuwa, 'yan jari-bola da kuɗinsu suke nema. In ka ware waɗannan, abin da zai rage leda ce da famfas, ba su da yawa. Kowane gida ya ajiye buhu biyu, na taki da na leda, robobi a gefe. Na ledar ku haɗa kuɗi mai baro ya riƙa kaiwa babbar bola sau biyu a mako.

Kai kuma tela ne. Ƙyallayen da ke zube a ƙarƙashin kekenka ka harhaɗa su ka ɗinka jakunkunan cefane. Ka kai wa maƙwabcin naka ɗaya kyauta, sauran ka sa musu kuɗi.